Bindigar Amita da Bindigar Daji: Ina Rabon Mai Kallo?

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a wannan yanki namu na Gobir, tsakanin Sabon Birni da Isa, a shekarun da bidiyo ya fara shiga garuruwanmu, zai iya tuna yadda muke cika ɗakin kallo bayan sallar isha'i, janareta na ruri a waje, mu kuwa mun miƙe ƙafa bisa tabarma muna jiran fitowar dogon Ba'indiyen nan da muke kira Amita. Ba ma jin Indiyanci, amma labari bai taɓa ɓace mana ba, domin akwai abu guda da ba ya bukatar tafinta, wato bindiga. Da zarar Amita ya zaro ta sai ɗaki ya kaure da sowa da tafi. Gari na wayewa mu yanko karan dawa mu ɗaure da zare mu yi tamu, a raba yaran unguwa gida biyu, kowa na rigimar shi ne akta. Wanda aka harba ya faɗi ya ƙirga goma, sannan ya tashi ya kakkaɓe rigarsa a ci gaba da wasa.

Ƙarar da muke kwaikwaya da baki a wancan lokaci, daga baya mun zo mun ji ta da kunnenmu a bayan gari, waɗanda suka faɗi kuma ba su tashi ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tsaya mu tambayi kanmu: shin tafin da muka yi jiya yana da hannu a cikin kukan da muke yi? Tambayar ta fi shafar mu marubuta, tun da yake mu ne masu sana'ar ƙaga labari, mu ne kuma ke zaɓa wa mai karatu wanda zai so da wanda zai manta. Za mu bi ta hanya mai sauƙi, wato mu bi sawun bindiga a hannun ɗan wasa guda ɗaya tun daga ƙuruciyarsa har tsufansa, mu ga abin da ta ce da abin da mu muka ji.

Bindiga a Hannun Mutum Guda

An haifi Amitabh Bachchan a garin Allahabad a shekarar 1942, ya kuma fara fitowa a fim a 1969, amma bai yi suna ba sai a 1973 da fim ɗin Zanjeer. A nan ne aka fara ba shi sunan Vijay, sunan da ya bi shi cikin finafinai da dama. Labarin ya soma ne da bindiga: yaro yana ɓoye yana kallo aka harbe uwarsa da ubansa a daren biki, ƙarar wasan wuta ta rufe ƙarar harbin. Yaron ya girma ya zama ɗan sanda mai zafin zuciya, a ƙarshe kuma ya harbe wanda ya mai da shi maraya. A wannan mataki na farko bindiga magani ce. Ita ta buɗe ciwon, ita ta rufe shi, mai kallo ya tafi gida zuciyarsa wasai.

Shekara biyu bayan haka, a 1975, sai ga Deewaar. Nan ma Vijay ne, nan ma an zalunce shi tun yana yaro, domin mutanen gari sun kama shi sun yi masa zane a hannu cewa ubansa ɓarawo ne. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Bombay, daga nan ya shiga fasa-ƙwauri ya yi dukiya. Amma a wannan karo bakin bindigar ya juyo. Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya zama ɗan sanda, shi ne ya harbe shi, ya ƙarasa a kan cinyar mahaifiyarsu.

A wannan shekarar dai aka fito da Sholay, wanda da wuya a sami ɗan zamaninmu da bai gan shi ba. Duk mutumin Sabon Birni ko Isa da ya sake kallonsa yanzu, sai tsigar jikinsa ta tashi. Ga wani ƙauye mai suna Ramgarh, ga ɗan fashi Gabbar Singh da yaransa a cikin duwatsu, suna saukowa bisa dawaki da dogayen bindigogi da ɗamarar harsashi, suna karɓar hatsi a hannun manoma a matsayin kuɗin barin su da rai. Ga Gabbar yana wasa da libarba, ƙaramar bindigar nan mai ramin harsashi shida, a kan yaransa uku da suka dawo ba nasara, yana dariya kafin ya kashe su. Amita, wanda ya fito da sunan Jai, shi da abokinsa aka ɗauko haya su kare ƙauyen. Ya tsare wata gada shi kaɗai da 'yan harsasan da suka rage masa, ya kuma mutu a nan.

A 1982 aka yi Shakti, inda tsohon ɗan wasa Dilip Kumar ya fito a matsayin uba ɗan sanda, Amita kuma ɗansa da ya bi hanyar miyagu saboda yana ganin uban ya fifita aiki a kan ransa. Ƙarshen labarin, uba ne ya harbe ɗansa a filin jirgin sama. A Agneepath na 1990 ma haka aka ƙare: ya ɗauki fansar mahaifinsa, ya kuma mutu a gaban mahaifiyarsa. Fim ɗin Coolie na 1983 ne ya fita daban, shi ma da dalili. An tsara cewa jarumin zai mutu da harbi, to amma Amita ya ji mummunan rauni na gaske a wajen ɗaukar wani faɗa a watan Yulin 1982, har ya kusa rasa ransa, saboda haka mai shirya fim ɗin ya sauya ƙarshen, aka bar jarumi ya sha harsasai ya tashi, don kada a karya zuciyar masoyansa.

Da tsufa ya zo, bindigar ta bar hannunsa ta koma hannun wasu. A Sarkar na 2005 ya fito a matsayin wani ƙasaitaccen dattijo da ke zaune a gidansa yana kurɓar shayi, yaransa na tsaye da makamai, magana ɗaya daga bakinsa ta isa a kashe mutum. A Pink na 2016 kuwa tsohon lauya ne, ba shi da makami sai harshe da doka.

Idan muka jera waɗannan finafinai muka dube su a jimlace, za mu ga kamar karatu guda ne aka rarraba cikin shekara arba'in da 'yan kai. Bindiga ta fara a matsayin magani, ta koma tana cin mai riƙe da ita, ta shiga tsakanin wa da ƙane, ta shiga tsakanin uba da ɗa, daga bisani aka nuna mana cewa mai ita na ainihi ba ya ma taɓa ta. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan karatu da suka ce makashin maza, maza kan kashe shi. To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wannan ne muka ɗauko daga ɗakin kallo? Ba mu tuna wani yaro a cikinmu da ya taɓa cewa shi ne zai fito a Vijay yana mutuwa a cinyar uwarsa. Harbin muka haddace, jana'izar kuwa lokacin tashi neman takalma ce.

Laifin Fim Ne?

Akwai masu saurin yanke hukunci cewa finafinai ne suka lalata yara har suka shiga daji. Irin wannan tunani ne ya sa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta sanar a 2021 cewa ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinan Hausa. Niyyar mai kyau ce, amma mu a ganinmu wannan bayani ya yi wa matsalar kaɗan, saboda dalilai uku.

Na farko, ƙasar Gobir ta san bindiga tun kafin a ƙirƙiro fim. Ruwayar da ta shahara a tarihinmu ta ce kafin hijirar 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya kira Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Alƙalawa ya auna shi da bindiga, sai wutar ta dawo ta ƙone shi Yunfan. Kufan Alƙalawa kuwa yana nan a ƙasar Sabon Birni. A watan Maris na 1903 kuma bindiga mai jigida ta Turawan Ingila ce ta karya dawakin Sakkwato a Giginya. Maharbanmu sun daɗe da adakarsu, ba su kuwa juya ta kan maƙwabta ba.

Na biyu, finafinan Indiya duk ƙasar Hausa aka kalle su, daga gidajen silima na Kano irin su Palas da Marhaba har zuwa Maraɗi da Damagaram. Waɗanda suka yi tafi a ɗakin kallo tare da mu, yau malaman makaranta ne da direbobi da 'yan tireda da limamai. Da kallo kaɗai ke mai da mutum ɗan bindiga, da babu wanda ya saura a gari.

Na uku, bindigar da ke dajinmu tana da hanyar da ta biyo, kuma sananniya ce. Rugujewar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011 ta watsa makamai cikin Sahara, iyakarmu da Nijar kuwa doguwa ce, ba ta da ƙofa. Ga satar shanu, ga cinye burtali da makiyaya, ga zaluncin da aka daɗe ana kuka da shi a wajen shari'a, ga haƙar zinari a Zamfara, ga yara da suka tashi ba boko ba allo. AK-47 mai cin harsashi 30 kuɗi ake sa wa a saye ta, wani ne kuma ke kawo ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangonmu kuwa ba Amita ya tsaga shi ba.

Rabon Mai Kallo

Duk da haka ba za mu wanke hannunmu mu tashi ba, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Fim bai ba kowa bindiga ba, amma ya koya mana wata irin hanyar kallon ta, ko kuwa mu ce mu muka zaɓi mu koyi hakan daga gare shi. Halaye biyu muka fito da su, duka biyun kuma suna nan tare da mu.

Hali na farko shi ne yarda da cewa wanda aka zalunta ya sami lasin harbi. Kowane Vijay sai an fara nuna mana hawayensa na yarinta kafin a miƙa masa makami, ta yadda idan ya fara kisa mun riga mun yafe masa. To mu saurari abin da masu bindigar yankinmu suka faɗa duk lokacin da aka kai musu abin ɗaukar magana. Bello Turji, wanda sunansa ya cika Isa da Sabon Birni da Shinkafi, a hirarsa da gidan talabijin na Trust ya nuna a 2022, da labarin zalunci ya fara: an kwashe shanun gidansu, an kashe danginsu, ba wanda ya bi musu haƙƙi. 'Yan sa-kai da suka riƙa kama Fulani a kasuwanni suna kashewa ba shari'a, su ma da labarin zalunci suke farawa: an ƙone ƙauyensu, an ɗauke matansu. Kowane ɓangare yana ganin shi ne Vijay, ɗayan kuma shi ne bos. Mai yiwuwa ne zaluncin da kowannensu ke faɗa ya auku da gaske. Amma zaluncin da aka yi wa mutum bashi ne da yake bin wanda ya yi masa, ba ya zama izinin karɓa daga wanda bai ci ba bai sha ba. Matafiyan da aka tare a mota kusa da Gidan Bawa a watan Disambar 2021 aka cinna musu wuta, waɗanda 'yan sanda suka ce mutum 23 ne, shanun wa suka kora?

Hali na biyu ya fi na farko ɓoyuwa. A fim, na'urar ɗaukar hoto kusan kullum tana tsaye ne a bayan kafaɗar mai harbi. Muna ganin fuskarsa, mun san sunansa, mun san uwarsa da budurwarsa. Waɗanda ke faɗuwa daga kan doki ko daga saman soro kuwa ba su da suna, ba a nuna mana wanda ke jiran su da tuwon dare. Da haka ido ya saba da ɗaukar mai bindiga a matsayin mutum, wanda aka harba kuma a matsayin lissafi. Wannan sabo bai tsaya kan jarumi ba, har mugun ya shafa. Gabbar Singh ya yi farin jinin da a Indiya aka riƙa sayar da faifan maganganunsa, har kamfanin Britannia ya ɗauki Amjad Khan, wanda ya fito a matsayinsa, ya yi tallar biskit da kayan Gabbar a jikinsa. Mai ƙwace hatsin manoma ya zama mai tallar abincin yara, ba don komai ba sai don ya iya tsayuwa da bindiga.

Mu duba kanmu yanzu. Allon ya ƙanƙance ya shige aljihu, ɗan bindiga ya zama shi ne akta, shi ne mai ɗaukar hoto. Yana rataye da makami, yana ƙirga kuɗin fansa, yana aika saƙo ga gwamna, mu kuma muna turawa daga waya zuwa waya, a majalisa ana cewa a miƙo a gani. Yaro ƙarami a garuruwanmu zai iya jero sunayen kacallolin daji da laƙabinsu. Amma a ranar 27 ga Mayun 2020 an kashe fiye da mutum 70 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, duk a ƙasar Sabon Birni. In ban da danginsu, mutum nawa ne cikinmu zai iya kawo sunan uku daga ciki? Ko lokacin da aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Yulin 2024, hoton bidiyon da ya zagaya na dattijon a ɗaure yana roƙo, masu riƙe da shi ne suka ɗauka don biyan bukatarsu, mu kuma muka taya su rabawa kafin labarin rasuwarsa ya zo a watan Agusta. Ɗan bindiga yana bukatar harsashi, yana kuma bukatar a ji tsoronsa, domin da tsoron ne yake sa wa ƙauye haraji ba tare da ya yi harbi ba. Harsashin wasu ke sayar masa. Tsoron kuwa, wani kaso nasa mu ke yi masa dakonsa kyauta.

A Rufe Ido Ke Nan?

Wani zai ce to ai magani shi ne a daina nunawa. Haka Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa ta gani a watan Agustan 2022, da ta ci tarar gidan talabijin na Trust naira miliyan 5 saboda shirinsa kan 'yan bindiga, ta kuma ci tarar wasu kafofin da suka nuna irin wannan shiri na BBC. Mu ba mu ga alheri a wannan ba. Shekaru aka yi ana kashe mutanenmu sauran ƙasa ba ta sani ba, shiru kuwa bai ceci ko akuya ba. Tun zamanin Sholay ma an gwada irin wannan, domin hukumar tace finafinai ta Indiya ta tilasta a sauya ƙarshensa, aka sa 'yan sanda suka kama Gabbar maimakon a kashe shi, amma hakan bai hana yara haddace dariyarsa ba. Abin dubawa shi ne inda mai ba da labari ya tsaya, da wanda ya bi bayan an yi harbin.

Su kansu waɗannan finafinai sun nuna mana yadda ake yi, mu ne dai ba mu kula ba. A Deewaar akwai inda ƙanen Vijay ya harbi wani yaro a ƙafa yana gudu, da ya isa gare shi sai ya tarar burodi ne ya sata. Fim ɗin bai wuce ba, sai ya bi ɗan sandan har gidan su yaron, muka ga yunwar da ke ciki, muka ga uwa tana tsine masa, muka ga uba tsohon malamin makaranta. A Sholay kuma akwai inda Gabbar ya kashe Ahmed, ɗan limamin ƙauyen, aka ɗoro gawar bisa doki ta shigo gari. Limamin makaho ne, da hannu ya shafa ya gane ɗansa, sannan ya nemi a kama masa hannu zuwa masallaci domin an kira salla. A waɗannan wurare biyu ɗakin kallo yakan yi tsit, ba tafi ba sowa. Harsashi ɗaya da aka bi shi har gida ya fi ɗari da aka watsa a kan marasa suna nauyi a zuciya.

Kammalawa

'Yan uwa marubuta, da masu shirya finafinanmu na Hausa, aikin da ya rage mana ke nan. Ba muna cewa a cire bindiga daga labari ba, tun da ta riga ta shiga rayuwarmu, labarin da ya ɓoye ta kuwa ƙarya zai yi. Muna cewa ne duk wanda ya sa aka yi harbi a shafi na goma, to ya bi harsashin zuwa shafi na goma sha ɗaya. Ya nuna mana gonar fadama a bakin Rima da ta kwana shekara ba a nome ta ba. Ya nuna mana matar da ta tsallaka iyaka da goyo zuwa Gidan Rumji ko Maraɗi, da mai gidan da ya sayar da shanun huɗa ya biya fansa, da yaron ruga da aka kashe wa uba a kasuwa yana kallo, tun kafin wani ya miƙa masa makami. Ya kuma nuna mana dattijon nan mai kurɓar shayi a birni wanda hannunsa bai taɓa kunamar bindiga ba, alhali da kuɗinsa ake saye. Kowane gari a ƙasar Isa da Sabon Birni yana da waɗanda ya rasa, kuma har yanzu akwai masu iya faɗin sunayensu da sana'arsu da abin da suka bari. Rubuta wannan, da yardar iyalansu, ba ya bukatar izinin hukuma ko jarin kowa, littafin rubutu da biro sun isa.

Mai karatu kuma da ba marubuci ba, shi ma yana da nasa rabon. Malamanmu sun karantar da mu cewa ko da wasa an hana mutum ya nuna ɗan uwansa da makami. Idan nuni kawai an hana, to ya kamata mu yi nazarin matsayin wanda ya mai da hoton kisan ɗan uwansa abin hira. Idan irin wannan bidiyo ya iso wayarmu, kafin yatsa ya tura shi gaba, mu tambayi kanmu wa zai amfana da tafiyarsa, mu kuma tuna cewa wanda ke durƙushe a cikinsa yana da 'ya'ya masu waya irin tamu.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya mai da masu gudun hijira gidajensu, ya zaunar da ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.